Abin da Hantar Tarwaɗa Ta Faɗa

Kaikai, Kusada,
Talata, damina ta kankama.

Zuwa ga ƙanwata Halimatu Sa'adiya, a Fatakwal.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da karatu da zaman baƙunta. Inna tana nan lafiya in ban da gwiwar nan tata, ta ce a gaya miki ki riƙa cin abinci, wai a hoton da kika aiko wuyanki ya fito. Yara ƙalau suke. Gero ya yi kyau bana, shi kaɗai ne abin da ya yi kyau a gidan nan.

Kada ki neme ni ta waya. Na buga ta da bango ranar da wani mai gonar kifi ya kira ni mayaudari, kuma ba zan sayi wata ba, don duk wanda ya kira zagi ne a bakinsa. Mamuda direba, mai kai shanu Kudu, shi zai kawo miki wannan takardar. Ki ba shi amsa in zai juyo.

Sa'a, an kashe ni da raina. Kin san sana'ata, in matse ƙwan tarwaɗa in ƙyanƙyashe, in sayar wa masu gonakin kifi daga Kankia har Rimaye. Shekara nawa ina yi ba wanda ya taɓa dawo mini da ɗan kifi ɗaya? To tun rani abin ya juye. Ɗiyan suna fitowa da baya a lanƙwashe kamar lauje, ciki a kumbure, su yi ta juyi wuri guda har su mutu. Na sake uwaye, na sake abinci, na wanke kwatamai har fatar hannuna ta saɓule. Banza. Waɗanda suka rayu na sayar, suka je suka mutu a hannun mutane. Yanzu in na shiga tasha sai a yi shiru.

Ruwa ba ya tsami banza, kuma na san wanda ya tsamar da nawa. Sada ne, mijin Mairo, surukin da muka ɗauki ƴar uwarmu muka ba shi. Da na sayi babban tankin ƙarfe a Kankia don in riƙa tara ruwa, wurinsa na kai, tunda walda ce sana'arsa, na ce ya sa mini famfo. Ya ƙi. A gaban yaran shago ya dube ni ya ce, in ka nace za ka gani a kifinka. Da kunnena na ji. Na kai wa wani ya yi mini aikin. Ranar sunan ɗiyata kuwa, mutane suna cin waina, aka gan shi ya hau tankin ya buɗe murfi ya tura kai ciki. Mi ya kai baƙon suna kan tankin ruwa? Guba ya zuba, hassada ce ke cin sa.

Kwalaben nan ƙanana da kika bar mini bara, lokacin da kika ɗebi hantar kifina don bincikenki, na cika su kamar yadda kika koya mini. Na fede manyan da ke cikin ruwan na sa hantarsu, ɗiyan kuma na sa su dukansu. Suna cikin kular Mamuda da ƙanƙara. Ke ce kike karatun cikin kifi. Ki duba ki gaya mini gaskiya, don wallahi zuciyata tafasa take.

Yayanki,
Kabir.

*

Fatakwal,
Lahadi.

Yaya Kabir,

Wa alaikumus salam. Na ga saƙo, na ga kwalabe, sun iso lafiya. Ka gaishe mini da Inna, ka ce mata ina ci, wuyan gado ne daga wurinta. Ni ƙalau nake, sai ruwan garin nan da ba ya ɗaukewa.

Na yi kuka da na ga ɗiyan kifin nan, don na san yadda kake ji da su. Amma waya kuma me ta yi maka? Haba Yaya.

Bari in gaya maka abin da na gani, kuma don Allah ka karanta har ƙarshe. A cikin naman kowane kifi akwai abin da muke kira ƙwayoyin gado. Su ne tsarin da Allah ya ajiye a jikinsa, su ke cewa a gina ƙashi nan, a gina zuciya can. Ba dukansu ke aiki lokaci guda ba. Wasu barci suke, sai wani abu ya taɓa kifin su farka. Aikina shi ne in auna wanne ya farka, wanne ya kwanta.

Na gwada hantar kifinka ta bana da ta bara da na ajiye. A ta bana, ƙwayoyin da ke tashi don yaƙar dattin da ya shigo daga waje sun farka, farkawa mai tsanani. Ke nan ba annoba ba ce, ba kuma laifin uwayen ba ne. Akwai wani baƙon abu da ke shiga ruwanka.

Iyakar abin da na sani ke nan yau. Ban san mene ne abin ba, ban san ta ina yake shiga ba, balle in ce wani ne ya zuba. Kowane irin datti da irin ƙwayoyin da yake tayarwa, sai na bi su a hankali, injin kuma layi ake yi masa. Ka ba ni ƴan makonni.

Yaya, na san halinka tun ina goye. Na haɗa ka da girman Allah kada ka taɓa mijin Yaya Mairo. Ka tambaye shi cikin lalama me ya sa ya ƙi aikin, don ba ka gaya mini ba, kuma ban taɓa jin ya mayar da aiki ba.

Ƙanwarka,
Sa'adiya.

*

Kaikai,
Asabar.

Sa'a,

Gaisuwa. Kowa lafiya. Ni dai girata ta dama a fashe take, amma kada ki damu, na fi wanda ya fasa ta kyan gani.

Allah ya yi miki albarka, kin wanke ni. Akwai baƙon abu da ke shiga ruwanka, haka kika rubuta. To baƙon abu ƙafa gare shi? Tashi yake ya hau tanki ya buɗe murfi? Sauran maganarki ta ƴan makonni da lalama, wannan ta ƴan boko ce. Ke kina jiran inji, ni ina kwashe gawa da kwando.

Washegari na tafi Kankia da takardarki. Na tarar da shi tsugune yana walda a gindin wata mota. Na tara jama'a na karanta musu layin nan da ƙarfi. Ya cire gilashin fuskarsa ya ce, ai na gaya maka. Kin ji fa! Ko musu bai yi ba. Ban bari ya ƙarasa ba na kwaɗa masa mari, ya faɗa kan ƙarafa. Ya taso da guntun rodi ya buga mini a gira, jini ya rufe mini ido, ni kuwa na shaƙe shi na danna kansa cikin bokitin ruwan da yake kashe zafin ƙarfe har ya fara shure-shure. Da ƙyar mutane suka ɓamɓare ni. Ya bar haƙorinsa a ƙasa.

Dattawan tasha suka zaunar da mu. Na ce abu ɗaya nake so, ya dafa Alƙur'ani ya rantse bai zuba komai ba. Ya tofar da jini ya ce shi ba ya ɗauko Alƙur'ani don mahaukaci. Ya fara wata magana a kan tankin, na ce ya rufe mini baki. Mai gaskiya yana gudun rantsuwa?

Mairo ta zo gida tana kuka tana riƙe mini ƙafa, wai in saurare ta. Na ce matar mutum ba ta yi masa shaida. Inna ta daina yi mini magana.

Ga abin da na yanke, kuma na aika masa. Ina da uwaye biyu da suka kusa nuna. Da an ga sabon wata zan matse ƙwansu. In suka fito a miƙe, na bar shi da Allah. In suka fito a lanƙwashe, hannun da ya zuba shi zan cire. Na kai addata an wasa. Ban taɓa faɗin abu na fasa ba, kin sani.

Kabir.

*

Fatakwal,
Laraba.

Yaya Kabir,

Sallama. Ba zan tsaya doguwar gaisuwa ba. Innalillahi, layi ɗaya ka tsinta a takardata ka kai tasha? Na yi da na sanin rubuta shi.

Na kira wayar Yaya Mairo na roƙe ta ta kai maka mu yi magana. Ta ce ka ƙi karɓa, ka ce sai ka ga rubutuna da idonka. To ga rubutuna. Ka karanta shi duka.

Mai ne, Yaya. Baƙin mai ne a ruwanka, ba guba ba. Na roƙi wata ta ba ni layinta na inji. Ƙwayoyin gadon da suka farka a hantar kifinka su ne waɗanda mai ke tayarwa. Kullum ina ganin su a kifayen rafukan nan na Kudu inda mai ya malala, na san su kamar yadda ka san kifinka. Maganin ƙwari da ake kashe kifi da shi daban yake barin alamarsa, na duba ban gani ba. Shi mai, in ya taɓa ƙwai, yakan rikita ƙwayoyin da ke gina zuciya da ƙashin baya. Wanda ya kamata ya tashi ya kwanta, wanda ya kamata ya kwanta ya tashi. Shi ya sa suke fitowa a lanƙwashe da kumburi. Ba ya buƙatar yawa. Ɗan abin da hancinka ba zai ji ba ya isa.

Yaya Mairo ta gaya mini abin da kai ba ka faɗa ba. Tankin nan cikin tankar baƙin mai ne, wadda ta kife a kan titin Kano shekarun baya aka yanyanka aka sayar. Abin da Sada ya gaya maka ke nan tun ranar farko, cewa mai yana maƙalewa a tsatsa da layin walda, ba ya wankuwa. Ranar suna ma dubawa ya hau yi, don ya ga yaranka suna sha daga famfon. Gargaɗi ya yi maka, ka ɗauke shi barazana.

Ƙwan nan da za ka matse a lanƙwashe za su fito, ko Sada yana Makka, muddin ruwan tankin ne. In ba ka yarda da ni ba, ka raba ƙwan gida biyu. Roba ɗaya ruwan tanki, roba ɗaya ruwan rijiyar masallaci da ka ɗebo da hannunka. Ka zauna ka yi gadinsu da kanka.

Ka hana yara shan ruwan nan yau. Ka mayar da addar gona. Na ce wa Yaya Mairo mijinta ya bar gari, ta ce ya rantse ba zai gudu ya bar shagonsa ba alhali bai yi komai ba. Ku biyun nan taurin kanku zai kashe mu. Na roƙi Mamuda kada ya kwana a hanya.

Sa'adiya.

*

Kankia,
Litinin.

Sa'adiya,

Ni ce Mairo. Kin yi ta kira ban ɗauka ba, ba zan iya faɗa da baki ba, shi ya sa na rubuta. Inna tana wurina, ba ta ci ba ta sha. Ɗiyata Ulfa da ƙannenta suna nan.

Motar Mamuda ta lalace musu a hanya, suka yi kwanaki suna jiran kayan gyara. Takardarki ta iso bayan komai ya ƙare.

Ƙwan sun fito a lanƙwashe. Ranar Alhamis da rana tsaka, ana shirin azahar, Yaya Kabir ya sauka daga mashin a bakin shago da adda cikin buhu. Ina wurin, na kai wa Baban Ulfa abinci. Ya wanke hannu ke nan ya miƙa zai ɗauki kwano daga kan benci. Ban ji sallama ba, ban ji zagi ba. Ƙara kawai na ji kamar an sari icce ɗanye. Sau biyu ya sara. Jinin ya fantsamo mini har cikin baki. Hannun yana reto da ƴar fata, Baban Ulfa yana kallonsa bai ma yi ihu ba. Ni na yi. Na cire ɗankwalina na ɗaure damtsen da haƙori, ina ɗaurewa ina kiran sunan Yaya Kabir, ban san mi ya sa ba. Shi kuwa ya tsaya yana huci, aka taso masa da duwatsu da ƙarafa, ya hau mashin ya tsere.

Likitoci sun cire hannun daga wuyan hannu. Na dama ne, Sa'adiya. Da shi yake walda, da shi yake ci da mu.

Ƴan uwan Baban Ulfa na Rimaye suka cika mota suka tafi Kaikai. Sun farfasa kwataman kifin da guduma, sun cinna wa rumfar wuta, sun karya ƙofar gidan. Matar Yaya Kabir ta kwashe yara ta gudu gidansu. Tankin ne kawai suka bari, ya fi ƙarfinsu. Sun rantse duk inda suka gan shi sai sun yanka shi. Ƴan sanda ma nemansa suke. Ni kuma ina tsakiya, dangin miji suna kallona ƙanwar wanda ya yi, in na shigo sai su tattara tabarma.

Ina jin haushinki, ba zan ɓoye miki ba. Kin san wanda kike rubuta wa. Mi ya sa kika ba shi rabin magana? Da kin yi shiru har ki gama aunawa. Na san ba da nufi kika yi ba, amma haushin yana nan.

Na buɗe takardarki na karanta. Na san inda yake ɓoye, ban gaya wa kowa ba, Allah ya gani ban san ko daidai na yi ba. Na ba Kawu ya kai masa. Ina so ya karanta, ina so ya ji abin da nake ji.

Mairo.

*

Kankia,
bayan an fara yankan gero.

Ƙanwata Sa'a,

Assalamu alaikum, in kina karɓar sallamata. Ina fatan kina lafiya. Daga ofishin ƴan sanda nake rubuto miki, wani mai tausayi a cikinsu ya ba ni biro. Da ƙafata na kawo kaina.

Da Kawu ya kawo mini takardarki a bukkar gonarsa, zagin ki na yi. Na ce an saye ki. Ina da hujjata, kuma har yanzu ina so ki ji ta, don kada ki zaci jaki ne yayanki. Tankin nan na wanke shi da toka da yashi da ruwan zafi, na shiga ciki da kaina na goge har na kusa suma. Na cika na zubar, na cika na zubar. Sannan na ɗauko Malam Uthman da ya karantar da mu. Mi aka koya mana tun muna riƙe da allo? Ruwa in launinsa bai sake ba, ɗanɗanonsa bai sake ba, warinsa bai sake ba, mai tsarki ne. Malam ya duba, ya shinshina, ya kurɓa, ya yi alwala da shi, muka yi salla. To ruwan da ya isa a tsaya gaban Ubangiji da shi, shi ne wani mai walda zai ce bai isa tarwaɗa ba? Abin da ya toshe mini kunne ke nan. Malam bai yi kuskure ba, hukuncin alwala na tambaye shi ya ba ni. Ni na ɗauki hukuncin na kai wa kifi.

Don in ƙaryata ki na yi gwajin. Kawu ya samo mini ƙwai wurin Abdullatif, abokin sana'ata, ya ɗebo mini ruwan tankin a jarka. Na rijiya ni na ja da gugana. Na ajiye robobin a gabana ban matsa ba, ko bawali zan yi sai na ja su kusa. Ba Sada, ba hannun Sada. Na ruwan rijiya suka fito miƙaƙƙu suna wutsil-wutsil, irin waɗanda na saba gani. Na ɗaya robar kuwa kin sani. Na zauna ina kallonsu har rana ta karkata. Daga nan na miƙe. Na ɗauko addar na ɗora nawa hannun kan turmi, Kawu ya doke ni da taɓarya a kafaɗa ya ƙwace. Ya ce in na cire nawa, na wa zai tsiro?

Jiya da hantsi na shiga asibiti, ban rufe fuska ba. Ƙannen Sada biyu suna bakin ƙofa. Suka rufe ni da duka, ban kare ba, sun karya mini haƙarƙari ina jin. Mairo ce ta fito ta faɗa kaina ta ce su bari ya gan ni tukuna.

Yana zaune a bakin gado, ya rame, an naɗe dungun da farin ƙyalle. Na shirya magana tun daga gona, Sa'a, doguwa, na yi ta maimaita ta a hanya. Da na tsaya gabansa duk ta gudu. Sallama kawai ta fito. Ya amsa, wallahi ya amsa mini cikakkiya. Sai jikina ya yi abin da ya saba yi tun ranar da ya zo neman auren Mairo, na miƙa masa hannu mu gaisa.

Ya dubi hannuna yana tsaye a tsakaninmu, ya daɗe yana dubansa. Babu faɗa a muryarsa. Ya ce, Kabir, da wanne zan karɓa?

Ki zo ki ɗauki Inna.

Kabir.